Inabina ya cika rumfa da ganye, 'ya'yan kuma sun ruɓe

Baban Walid, Kent:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan da na dasa inabi guda huɗu irin Phoenix a bayan gidana nan Ingila, na kafa musu rumfa irin wadda muke yi wa soso a gida. Ganye kam masha Allah, har inuwa muke sha. Amma da Satumba ta kama sai 'ya'yan suka yi fumfuna mai launin toka, waɗanda suka tsira kuma tsami kamar tsamiya. Taki ne ya yi kaɗan?

Ɗan Zariya, Sussex:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ka ajiye takin nan, ƙara shi ƙara ganye ne. Rumfar ce matsalar. A ƙasar zafi inuwa inabi yake nema, a nan kuwa rana ce ba ta ishe shi ba, ga damshi. Ganye ya lulluɓe 'ya'ya, iska ba ta ratsawa, dole su ruɓe.

Na yi aikin yankan rassa a gonakin inabi na nan, kuma kusan ko'ina tsarin Guyot ake bi, sunan wani likita Bafaranshe da ya yaɗa shi wajen 1860. Ka kafa turaku a jere, ka ja waya ta farko kamar santimita 80 daga ƙasa, sai wasu biyu ko uku a sama. A Janairu ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu na bara, mai kaurin fensir, ka kwantar kan wayar ƙasa ka ɗaure, ka bar masa ido takwas zuwa goma. Kusa da gindi ka bar guntu mai ido biyu, shi zai ba ka reshen baɗi. Sauran duk ka sare, kada ka ji tausayi. Sabon toho zai miƙe tsakanin wayoyin kamar zana. In 'ya'ya sun fara girma, ka tsinke ganyen da ya rufe su.

Maman Hanan, Trier:
Malam Ɗan Zariya ya gama magana, sai dai a kula da sanyin ƙarshen Afrilu, wanda ya ƙone toho a gonakin Turai da yawa a 2017. Ka bar reshe ɗaya na ajiya a tsaye. In tsakiyar Mayu ta wuce lafiya ka cire shi. Mu nan kwarin kogin Mosel a Jamus, inda gangara ta yi tsayi, kowace kuranga da turkenta, a lanƙwaso rassa biyu su yi siffar zuciya. In filinka ƙarami ne, hakan ma zai yi.

Baban Walid:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai uwargida ta ce rumfar nan ba mai taɓa ta, a nan take shan shayi. Mun daidaita: ɗaya ya zauna kan rumfa, uku su koma waya.

Ɗan Zariya:
To wancan ɗayan kada ka sa ran cin 'ya'yansa. In da hali, jerin wayar ya miƙa daga arewa zuwa kudu, kowane gefe ya samu rabonsa na rana.