Salansa mai ƙara tana ƙara wa mota ƙarfi kuwa?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Corolla 2008 gare ni, mai inji lita 1.8. Tukunyar salansa ta baya ta ci tsatsa har ta huje, sai na kai wa wani mai walda. Yana leƙawa ya ce, "Alhaji, kar ka ɓata kuɗinka a kan irin ta kamfani. Bari in ɗaura maka mai faɗin baki, motar nan za ta saki jiki." Ya ce in na yarda ya cire indomin da ke gaba ma, wato matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa, shan mai zai ragu, kuma zai yi min ragi a kuɗin aiki. Ragin nan ne ya sa na ce ya dakata.

Ba zan ɓoye ba, ina son in ji mota tana gurnani. Amma duk sati biyu ina zuwa Kaduna da iyali, kuma da asuba nake fita, ga maƙwabcina dattijo ne. Masana, ƙarfin nan da gaske ne, ko kunne ne kawai zai sha?

Usta Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Alhaji, injinka ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba tun yana sabo. Ko salansa mai tsada ka sa daga bayan indomi zuwa wutsiya, abin da za ka samu doki biyu ne ko uku, shi ma sai allurar da ke nuna juyin inji ta hau can sama, inda mai tuƙa iyali ba ya zuwa. Ƙafarka ba za ta ji shi ba.

Faɗin baki kuma yana da iyaka. Hayaƙi ba a tare yake fita ba, kowace silinda tana tofo nata bi da bi, kuma wanda ya fita da gudu shi ke jan na bayansa. In bututu ya yi faɗi da yawa sai gudun ya mutu, kamar ka cire yatsa daga bakin tiyo. Sai ka ga mota ta yi nauyi wajen tashi a danja, alhali tana ta ihu. Ƙaramin inji irin naka inci biyu da kwata ya ishe shi. Masu turbo su ne ke cin moriyar bututu mai faɗi, don su da zarar hayaƙi ya wuce turbo, fitarsa kawai ake so.

Baban Ihsan:
Ni na yi, a kan Accord 2005, wadda ake ce wa EOD. Satin farko kamar in kwana a cikinta. Ranar da na hau doguwar hanya na gane kurena. Da allura ta zauna tsakanin 2,000 da 2,500 sai wani irin gunji ya cika cikin motar, ba a waje ba, a cikin ƙoƙon kai. Uwargida na magana ba na ji, yaro na kuka, kafin Zariya kaina na sarawa. Ashe mai waldar ya yanke ƙaramar tukunyar tsakiya, wadda aikinta ke nan kashe wannan gunjin. Mai kuma sai ya ƙaru, amma wannan laifina ne, don ina ta taka totur in ji daɗin muryar.

In dole sai ka sa, ka bar ta tsakiyar a wurinta, ka canza ta baya kaɗai.

Usta Mai Sifana:
Na manta zancen indomi, shi ne babba. A cikinsa akwai filatinom da faladiyom da rodiyom, ma'adinai masu tsada, shi ya sa ake sacewa ana sayarwa. Ragin da ya yi maka daga jikin motarka zai fito. In aka cire, sensar da ke bayansa za ta kunna fitilar inji a dashbod, ka sa kwamfuta ka ga P0420, lambar matsalar indomi, ga warin hayaƙi mai yaji. In kuma waldar ta bar ɗigo kusa da sensar gaba, iska za ta shiga, kwamfutar mota ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara zubawa. Indomi sai ya toshe ne yake danne mota, kuma maganinsa a sa wani.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa in nemi salansa 'yar Beljiyam irin ta motar, kuma a gabana za a ɗaura. Usta, ta yaya zan gane wadda cikinta bai ruɓe ba?

Usta Mai Sifana:
Ɗaga ta ka girgiza. In ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, ajiye musu. Ka kuma ƙwanƙwasa ƙasanta da sifana, nan ruwa ke kwanciya.