Wane suna ya dace da irin lambun Singafo da na Kew?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina rubutu a kan lambun Singafo da aka kafa a 1859, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2015, sai na rasa sunan da zan ba abin da Turawa ke kira botanic garden. Na rubuta "lambun shaƙatawa", amma hankalina bai kwanta da shi ba.

Wata malama: Wa alaikumus salam. Malam, gara da bai kwanta ba, domin ba shaƙatawa ce ta jawo wa wurin wannan daraja ba. A 1876 aka kai irin bishiyar roba daga Brazil zuwa lambun Kew da ke Landan, aka rene shi, sannan aka aika da dashensa Singafo, inda daga baya Henry Ridley, daraktan lambun na Singafo, ya kyautata hanyar tsaga bawon bishiyar a tatsi ruwanta ba tare da an kashe ta ba, har noman roba ya bazu a yankin. Shi kuwa lambun Padua na Italiya, tun 1545 aka kafa shi domin ɗaliban likitanci su san tsirran magani ido da ido. Saboda haka ina ganin "lambun nazarin tsirrai" ya fi dacewa.

Wani dattijo: Malama, na yarda da nazarin, lambun ne ke yi mini nauyi. Bahaushe idan ya ji lambu, albasa da tumatir da ban ruwan rani yake tunawa. Me zai hana mu ce "gandun tsirrai", tunda muna da gandun daji?

Malamar: Allah ya ƙara girma, Baba, ai gandu yana nuna fili mai faɗin gaske, alhali tsohon lambun Padua ɗan ƙarami ne, kewaye da katanga, kowane tsiro da fangalinsa da sunansa a rubuce. Wannan kuwa aikin mai lambu ne.

Dattijon: To, na sakar miki lambun. Sai dai Malam ya guji rubuta "gadon duniya" idan ya zo kan jerin UNESCO, domin a rubuce ba a bambanta gadon da ake ci da wanda ake kwanciya a kai.

Mai tambaya: Na gode. Zan rubuta "lambun nazarin tsirrai" a farkon ambato, daga nan in taƙaita shi zuwa "lambun tsirrai".