Access na cewa wani ya canza layin, alhali ni kaɗai ne a kai

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kwashe teburorina daga manhajar adana bayanai ta Microsoft Access zuwa SQL Server, na bar fom da rahotanni a Access, na haɗa su ta ODBC, wato hanyar da Access ke bi ya yi magana da sabar. Bayanan suna buɗewa lafiya lau. Amma in na gyara layi a teburin kwastomomi na zo adanawa, sai "Write Conflict" ya fito, wai wani ya riga ni taɓa shi, kuma ba kowa a kan sabar sai ni. Wasu layukan kan karɓa, wasu su ƙi. Wani teburin kuma #Deleted ne daga sama har ƙasa. Ina mafita?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam. Ba wanda ya taɓa maka komai. Idan Access zai adana gyara, yakan aika wa sabar tsoffin ƙimomin kowane fili, ya ce a gyara layin da ya dace da su duka. Fili ɗaya ya saɓa, sai ya ɗauka wani ne ya canza.

Tunda wasu layukan ne kawai ke ƙi, duba filayen bit, wato takwarorin Yes/No a SQL Server. A Access filin Yes/No bai san NULL (filin da ba a sa masa ƙima ba) ba, sai ya karanta shi a matsayin 0, ya nemi 0 a sabar, bai samu ba. Mayar da duk NULL ɗin zuwa 0, ka sa filin NOT NULL da DEFAULT 0. Filayen float, masu riƙe lambobi masu ɗigo, ma suna yin haka, saboda ɗan bambancin lambobin bayan ɗigo.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ƙara wa teburin filin rowversion, wanda sabar ke canza ƙimarsa duk lokacin da aka gyara layi:

ALTER TABLE dbo.Kwastoma ADD RV rowversion;

Daga nan Access zai riƙa duba babban makulli (primary key, filin da ke bambance kowane layi) da wannan filin kawai. Guda ɗaya ake sa wa tebur, kuma kada ka ɗora shi a fom.

Amsa ta biyu: Ƙari kan bayanin ɗan'uwa: Access na riƙe da tsarin teburin ne yadda ya gan shi ranar da aka haɗa. Duk canjin da ka yi a sabar, sai ka shiga Linked Table Manager ka sabunta haɗin, in ba haka ba aikin banza ka yi.

Shi kuwa #Deleted, bayananka na nan. Galibi babban makullin teburin bigint ne, wato nau'in fili na manya-manyan lambobi, wanda Access ba ya karantawa daidai sai an saita shi. Sabbin Access suna da zaɓin karɓarsa a Options, ƙarƙashin Current Database. Ka kunna, ka sake haɗawa. Amma a ganina, in layukanka ba za su kai 2,147,483,647 ba, int ya wadatar, musamman idan akwai masu tsohon Access cikin masu amfani da fayil ɗin.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, duka biyun sun warware. Saura kwamfutar abokin aikina, ita ko haɗuwa ba ta yi, tana ƙorafin satifiket.

Amsa ta biyu: Duba direban ODBC, wato manhajar haɗin, da ke kwamfutarsa. ODBC Driver 18 yana ɓoye sadarwa (encryption) da kansa, yana kuma tantance satifiket, wato shaidar sabar, 17 kuwa sai an ce masa. In sabar ce ta ƙirƙiri satifiket ɗinta da kanta, 18 zai ƙi shi. Sa TrustServerCertificate=Yes a saitin haɗin zai wuce, amma na wucin gadi ne; a ɗora wa sabar satifiket na ƙwarai. Kuma idan Office ɗinsa 32-bit ne, DSN ɗin, wato ajiyayyen saitin haɗin ODBC, a odbcad32.exe na cikin SysWOW64 zai yi shi, ba na System32 ba.