Hoton da nake bugawa a katako da hasken rana yana dusashewa

Assalamu alaikum, iyayen gidana kafintoci. Daga Jos nake. Nakan buga hoto a farar roba mai shara-shara, in shimfiɗa ta kan gogaggen katakon maɗaci, in danne da gilashi a rana. Inda haske ya ratsa sai ya yi duhu, inda tawada ta rufe ya zauna yadda yake, hoton ya fito raɗau.

To, da zarar na cire robar, sauran wurin ma sai ya fara duhu, hoton ya dusashe. Na shafa banish, wato man da ke sa katako ƙyalli, bai hana ba. Na hura masa zafi da na'ura, gefensa ya babbake kawai. Wane mai ne ke tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, mai sa katako duhu? Ko maɗacin zan canza a Kasuwar Katako? Don Allah a taimaka.