An ce kiran aljani nake saurara, ku yi min alƙalanci

Ɗan Kurna: Jama'a, tun jiya raina a ɓace yake. Ina kwance da iyafis a kunne, Yaya ya shigo ya zare ɗaya ya saka. Bai yi minti ɗaya ba ya cillo min, ya leƙa fuskar wayar ya ga an rubuta The Call of Ktulu, wato kiran Ktulu, na Metallica, ƙungiyar Amurka mai kiɗan metal (kiɗan jita da ganguna mai ƙarfin amo), ya ce ashe kiran aljanu nake saurara. Kafin magariba magana ta kai wa Hajiya, bayan isha aka miƙo min ruwan tofi a kofin silba. Na shanye don kada in saɓa mata, amma wallahi an zalunce ni. Waƙar nan ko kalma ɗaya babu a cikinta, jita ce da ganguna na kusan minti tara. Sunan daga gajeren labarin wani marubucin Amurka ne, H.P. Lovecraft, da aka buga a mujallar Weird Tales a 1928. Ktulu, wanda a labarin aka rubuta shi Cthulhu, dodo ne da mutumin ya ƙaga da alƙalaminsa, ya ce yana barci a wani birni da ya nutse a ƙarƙashin tekun Fasifik. Tsoron da ke cikin labaran nasa shi ne ɗan Adam ya gane ƙanƙantarsa a sararin samaniya, gaban halittun da ko sanin yana nan ba su damu da yi ba. Ni dai na ce wannan kiɗa ɗan adabi ne, makaranta littattafai ne suka haife shi.

Malam na Tudun Wada: Ƙanena, da bakinka ka ce babu kalma a ciki, kuma ka kira ta waƙa. Waƙa da baki ake yin ta. Abin da kake ji kiɗa ne.

Ɗan Kurna: Malam, ai ba nan gizo ke saƙar ba.

Malam na Tudun Wada: Nan take kuwa. Bahaushe ya san take. Makaɗi zai kaɗa taken mutum da kalangu bai buɗe baki ba, mai taken ya taso daga cikin taro yana tsuma. 'Yan bori ma kowane iska da nasa taken a garaya. Saboda haka rashin baki ba ya wanke kiɗa daga zama kira. Yayanka bai yi wauta ba.

Bazazzagi: Haba Malam! Take sai da mai take. Wane ne zai taso in an kaɗa taken abin da babu shi? Lovecraft ɗin ma bai yarda da aljanu ba, bai yarda da kowane addini ba.

Malam na Tudun Wada: To ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan.

Na Sabon Gari: Ni abin da ya tsaya min shi ne kullum in an ce Lovecraft sai a ce Metallica. Waƙa nawa suka yi a kansa? Ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. 'Yan punk (wani salon kiɗan jita na masu bore) na Ingila, Rudimentary Peni, faifai sukutum suka yi a kan rayuwarsa da labaransa, Cacophony, a ƙarshen shekarun 1980. A Kanada akwai The Darkest of the Hillside Thickets, tun 1992 kusan duk harkarsu ke nan, sunansu ma daga labarinsa suka tsinto shi. 'Yan metal aron suna kawai suke yi don faifai ya shiga kasuwa.

Bazazzagi: Aron suna? Ɗan'uwa, a 1970 Black Sabbath na Birmingham suka saka Behind the Wall of Sleep, wadda sunanta daga wani labarin Lovecraft ne, a faifansu na farko, lokacin punk ɗinku ko rarrafe bai fara ba. Kuma Cliff Burton, mai jita mai kaurin amo a Metallica, shi ya shigo wa abokansa da littattafan. Ride the Lightning, faifan da Ktulu ke ciki, ya fita a 1984, bayan shekara biyu suka ƙara da The Thing That Should Not Be, a shekarar ce kuma motarsu ta kife da su a Suwidin ya rasu yana da shekara 24. Irin wannan mutum za ka ce kasuwa yake nema?

Mai Megadeth a Zuci: Tunda ana rabon yabo, a duba bayan faifan. Sunan Dave Mustaine, tsohon mai jitarsu da ya kafa ƙungiyar Megadeth, na cikin waɗanda suka tsara kiɗan Ktulu, alhali sun kore shi tun 1983. Kullum Burton, Burton.

Bazazzagi: Ga shi nan ya iso. Ko zancen tuwo ake sai ka sako korar Mustaine.

'Yar Gwale: Ku maza kuna ta jayayya a kan wa ya riga wa, babu wanda ya faɗi wane ne Lovecraft. Mutumin nan ya tsani baƙar fata, bai ɓoye ba, har waƙar cin mutuncinmu ya rubuta a 1912. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya, ta ci kyautar marubuta ta World Fantasy a 2011 aka miƙa mata gunkin kan Lovecraft, daga baya ta ga waƙar ta rubuta yadda abin ya soke ta. A 2015 aka daina ba da gunkin. Sai kuma "mahaukacin Balarabe" Abdul Alhazred da ya jingina wa Necronomicon, littafin tsafin da ya ƙaga a cikin labaransa. Ɗan Kurna, wannan ne adabin da kake sha wa tofi?

Malam na Tudun Wada: Sunan ma ba Larabci ba ne. Abdul ya riga ya ɗauki al, a sake ƙara masa wani al?

Na Sabon Gari: Yana yaro ya laƙaba wa kansa sunan bayan ya karanta Dare Dubu da Ɗaya. Amma 'yar'uwa ta yi gaskiya, shi ya sa na fi ganin girman punk, su da ma da masu wariya suke faɗa.

'Yar Gwale: Kada ka raɓe a bayana ka sayar da hajarka. Faifai guda ka ce sun yi masa.

Bazazzagi: Bari in tattare, dare ya yi. An tabbatar metal ne ya fara tun 1970, babu wanda ya iya musawa. An tabbatar Burton makaranci ne. Maganar take ta faɗi, don babu mai take. Batun wariya gaskiya ne amma bai shafi makaɗa ba, mutumin ya mutu tun 1937. Punk kuwa ƙungiyoyi biyu aka iya lissafowa.

Malam na Tudun Wada: Wa ya kayar da maganar take? Ban ga hujja ba.

'Yar Gwale: Ni ma ban ce bai shafe su ba.

Ɗan Kurna: Don Allah ni me zan ce wa Hajiya? Yanzu ta aiko Auta da kofi na biyu, kuma ta ce in kawo wayar ta kwana a ɗakinta.