Neman shawara: Suna son tura tsokar da aka ciro daga kan Yaya waje don bincike, mu sa hannu?

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana. Yayana manomin riɗi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Ciwon kai ya sa shi gaba, sai farfaɗiya, har hannun hagu ya fara mutuwa. Aka yi masa hoton MRI a Kano, aka yi tiyata, gwaji ya nuna glioblastoma ce, kansar ƙwaƙwalwa mai saurin girma. Yanzu likita ya kawo takarda yana neman izinin ajiye wani yanki na abin da aka ciro da ɗan jini, don binciken haɗin gwiwa da jami'o'in waje. Hajiyarmu ta ce atafau ba za a kai naman ɗanta ƙasar Turawa ba. Shi kuwa Yaya gani yake ta nan maganinsa zai fito. Ya za mu yi?

Wani dattijo daga Bichi: Allah Ya ba shi lafiya. 'Yata, kada ku ga laifin Hajiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma sai da aka je kotu, aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Likita mai neman ƙwarewa, Kano: Baba ya yi gaskiya, amma 'yar'uwa, a bambance abu biyu. Can magani aka ɗura wa yara. Nan tsokar da aka riga aka cire ake roƙo, ba abin da za a ƙara sa wa Yaya a jiki.

Dalilin neman ta shi ne wannan ciwo ya gagari asibiti ɗaya. Kamar kirikiri yake a gona, ka nome na sama, saiwa na ƙasa, shi ya sa yake dawowa bayan tiyata. Cikin ƙari guda ma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne, maganin da ya kashe wasu sai ya bar wasu. Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, yana tare yawancin magunguna. Don haka masana suka haɗa kai: wasu na karanta ƙwayoyin gado, wasu sunadarai, masu lissafi su zuba komai a kwamfuta su ga yadda sassan ke jan juna. Shirin TCGA na Amurka, mai nazarin ƙwayoyin gadon cutar kansa, da wannan kansar ya fara, a 2008 ya fitar da sakamakon samfura 206. Tun 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya sai an duba wata ƙwayar gado da ake kira IDH take kiran ƙari glioblastoma. Abin takaici, samfurin 'yan Afirka kaɗan ne a irin wannan aiki.

Sai dai ku gaya wa Yaya gaskiya: amfanin binciken na waɗanda za su zo baya ne. Maganinsa shi ne gashin na'ura (radiotherapy) na mako 6 tare da ƙwayar maganin temozolomide, tsarin da ake bi tun 2005. Yana ƙara kwana da sauƙi da yardar Allah, amma da wuya ya raba mutum da ciwon. Kada maganar takarda ta jinkirta muku shi.

Nas daga Dutse: Kafin sa hannu ku nemi a karanta muku da Hausa. Ku tambaya ko kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince, ina za a kai tsokar, za a cire sunansa, kuma zai iya janyewa daga baya? In kun ƙi, ba a isa a rage masa kulawa ba. Kuma tunda yana cikin hayyacinsa, izinin nasa ne, ba na Hajiya ba, sai dai a lallashe ta.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Ranar Litinin za mu koma da Hajiya da kawunmu ta ji daga bakin likitan. Don Allah wanda ya taɓa kai mara lafiya gashi Zariya ko Abuja ya yi min magana ta inbox, ina son sanin batun masauki.