Kujerun katako zalla a zauren shiga na tsofaffin gidaje: da gangan ne?

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Na lura a hotunan manyan gidajen tarihi na Ingila cewa zauren shiga yakan kasance da daɓen dutse ko marmara, da kujerun katako marasa katifa jere a jikin bango, alhali ɗakunan ciki cike suke da darduma da kujeru masu laushi. Shin haka masu gidajen suka tsara tun asali, ko kuwa masu kula da su ne suka kwashe kayan daga baya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Haka aka tsara. A ƙarni na 18 zauren wurin jira ne na 'yan aike da barori da manoman da ke hayar gonakin maigida, waɗanda kan shigo da jiƙaƙƙun tufafi da taɓo a takalma, don haka aka zaɓi katako da dutse, tun da ana goge su a huta, yadi kuwa da ya lalace cikin ɗan lokaci. Sau da yawa akan zana tambarin dangin a majinginar kujerar, domin mai jira ya san gidan wa ya shigo. Ko fitilar da ake ratayewa a rufi an kewaye ta da gilashi ne saboda kada iskar ƙofa ta kashe kyandir.

Binta: Malam ya yi gaskiya, sai dai ba kowane zaure ne aka bari fayau ba. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mayar da zauren gidansa na Monticello kamar ɗan gidan adana kayan tarihi: taswirori a bango, ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya, da kayan 'yan asalin ƙasar da tawagar Lewis da Clark, masu binciken yammacin Amurka, ta samo a tafiyarta ta 1804 zuwa 1806. Abin da ya fi burge ni shi ne babban agogonsa, wanda ƙarafansa masu nauyi ke sauka a hankali suna nuna ranakun mako a bango, har sai da aka huda ƙasa domin alamar Asabar ta faɗa ɗakin da ke ƙarƙashi.

Malam Sani: Haka ne. Abin rataye hula da lema mai madubi a tsakiya kuwa ya yaɗu ne a ƙarni na 19, saboda haka idan kin gan shi a zauren gidan da ya girme shi, daga baya aka shigo da shi.